Inda Aka Sauke Inna

Saura kamar taku ɗari biyu a kai ƙofar zauren taron, wani kafinta ya taka birki a gefen wani kanti, ya kashe motar.

"Inna, a nan za ki sauka."

Tsohuwar ta dubi titin, ta dubi gwiwoyinta da suka kumbura. Shekara arba'in ba ta taɓa fashin maulidin shehinta ba. Shi kuwa ɗan nata, tun da ya fara zuwa karatu wurin wani Malam ya haddace kalmar bidi'a, ko ana cin abinci sai ya jefo ta. Kawo ta ɗin ma sai da ta yi kwana uku tana roƙo. Tsoronsa ɗaya ne: kada abokan karatu su ga motarsa a ƙofar nan.

"To, Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Ta fita da sandarta da 'yar kujerar robarta. Taku goma ta tsaya, ta zauna, ta huta, ta sake miƙewa. Yana kallo ta gilashi, bai motsa ba.

Sai ga Malam ɗin da kansa ya fito daga kantin da leda a hannu. Kafinta ya zame cikin kujera, gemu da girma duk ya ɓoye su a bayan sitiyari. Malam ya gaida tsohuwar, ya karɓi kujerar, ya bi ta a hankali har bakin zauren. Bai shiga ba. A dawowa ya gane motar, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"A'a, kai ne nan?"

"Ni ne, Malam. Ƙusa na zo nema."

"Ka ga baiwar Allahn can? Ra'ayina a kan taron nan ka san shi, ban canja ba. Amma wa zai sauke tsohuwa mai ciwon ƙafa a nan? Na tambaye ta ko ba ta da 'ya'ya. Ta ce tana da ɗa guda, mai biyayya, yana wurin aiki. Wai direban haya ne ya yi mata haka."

Kunya ta rufe kafinta. Inna ta san muryar Malam sarai, kullum ita ɗan yake kunna mata a waya. Asirinsa ta rufa.

Malam ya girgiza kai. "Allah ya shiryi direban nan."

Ya tsaya yana jiran amsa.

"Amin," in ji kafinta.