Katuna Biyu Cikin Leda

Auta ta rataya jakar a ƙugiyar sikeli, ta ɗaga da hannu biyu, ta karkata kai tana duba allurar.

"Kilo tara da rabi," ta ce.

"Bakwai masu jirgi suka ce," in ji Abba, mahaifinta, daga kan darduma inda yake fama da igiyar sabon takalmi. "Me kika ƙara kuma?"

"Ba komai. Ɗan bargo ne, da na'urar awon jini, da tocila biyu."

"Biyu?"

"In ɗaya ta mutu fa?"

"In ta mutu sai mu yi mata addu'a mu wuce."

Umma, mahaifiyarta, ta miƙo hannu. Ta karɓi jakar, ta zuge, ta fara fitar da kaya tana jerawa a hannun kujera. Jikarta, 'yar Auta mai wata biyar, tana kwance a cinyarta, ta kama bakin mayafinta tana tsotsa.

Gobe da safe za su tashi. Shekara ashirin da shida Umma ta yi a bayan gilashi a filin jirgin sama tana buga hatimi a fasfon mutane, nata kuwa ko shafi ɗaya ba a taɓa ɓatawa ba. Abba malamin makaranta ne, ya koyar da koguna da duwatsun duniya har allon ya san su, bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Bara wata abokiyar aikin Umma ta rasu saura wata biyu ta yi ritaya. Da suka dawo daga ta'aziyya suka daɗe a ɗaki, bayan mako guda kowa ya rubuta takardar ajiye aiki. Suka sayi jakar baya biyu irin ta 'yan makaranta, suka ce sai sun zaga, ko shekara guda ce, ko biyu.

Dangi sun yi dariya har sun gaji. Auta ba ta yi ba. Ranar Litinin hutun haihuwarta zai ƙare, za ta koma shagon fotokofi inda zafin injuna da warin tawada ba su bar wurin kwantar da jariri ba. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu a hanya. Tun tana da ciki ta gama tsara cewa Umma ce za ta riƙe yarinyar. Ba ta taɓa faɗa ba, don ba ta ɗauka abin faɗa ba ne.

"Ina takardun?" Umma ta tambaya.

Auta ta miƙo ambulan, fuskarta ta ɗan saki. Jiya ta leƙa shago musamman, ta yi wa kowace takarda kwafi uku. Katunan allurar rigakafinsu kuwa, da ta ga takardar ba ta da ƙwari, sai ta sa su a inji ta rufe su da leda, gefe-gefe a yanke tsaf.

"Ko a teku suka faɗa, ba abin da zai same su," ta ce.

Umma ta juya katin, ta shafa babban yatsanta a kan hatimin. Ta daɗe tana shafawa.

"Auta, wa ya ce ki yi wannan?"

"Ba kowa. Ai haka nake yi wa duk takardunmu."

"Wannan ba a rufe shi. Mai dubawa yana so ya taɓa hatimin ya ji tawada, yana so ya ga wurin ƙara rubutu. Da ni ce a tebur aka miƙo min, gefe zan tsayar da mutum. Ƙasar farko da za mu sauka ba sa wasa da shi."

Abba ya saki igiyar takalmin. "Ba a ɓarewa?"

"Da zafi aka manna," in ji Auta a hankali. "In na ja, da rubutun zai taho."

Auta ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, ta goya, ta ja zanen ta ɗaure.

"Ni na ɓata, ni zan gyara. Ku zauna, baƙi masu zuwa sallama na nan tafe."

Bas biyu ta shiga kafin ta isa ofishin da aka yi musu allurar. Layi ya kai har bakin matakala. Ta tsaya a inuwar katanga, tana jijjiga, tana kare kan yarinyar da ambulan. Sai wajen ƙarfe ɗaya ta kai ga tagar mai rajista, wani dattijo mai tabarau a goshi, wanda rabin hankalinsa yana kan injin fotokofin da ke bayansa yana ƙiftawa da jar wuta.

Ya karɓi katunan, ya ƙwanƙwasa su a kan tebur, ya yi dariya.

"Kai! Wane mai tausayi ne ya yi musu sulke?"

"Ni ce, Malam."

"To mai goyo, sabon kati sai an ga sunansu a rajista. Rajistar watan jiya tana sito, mai sito ya tafi hutu. Ki dawo Talata."

"Gobe za su tashi."

"Gobe kuwa? Allah Ya sa ba gaggawa ba ce. Na gaba!"

Ta koma kan benci a baranda, ta sauko da yarinyar, ta rufa da mayafi ta ba ta nono. A nan ta ji abin da bai kamata ta ji ba. Wani sanyi ne ya sauka a ƙirjinta, irin wanda mutum ke ji in ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Talata. Jirgi ya riga ya tafi ke nan. Tikitin mai rahusa ne, ba a ɗagawa. Kafin su sake shiri wata biyu, uku, wataƙila yarinya ta fara rarrafe, wataƙila gwiwar Abba ta motsa, wataƙila zancen ya bi iska. Kuma ba ƙarya za ta yi ba. Ta zo, ta bi layi, an ce Talata. Har ta ga safiyar Litinin: ta ƙwanƙwasa ƙofa, Umma ta buɗe da carbi a hannu, ta ce kawo ta nan, ke jeki kar ki makara. Ta ga kanta da yamma zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar Umma kamar ba ita ce uwar kowa ba.

Ta ciro waya ta kira. Ana ɗauka ta ji hayaniyar baƙi, da muryar Abba yana ba wani labarin jirgin ƙasan da ke kwana uku bai tsaya ba, kamar shi ya ƙera shi.

"Umma," ta ce, ta rasa ta inda za ta fara.

"In bai yiwu ba ki taho gida," in ji Umma. "Rana ta yi wa yarinya yawa. Duniya ba inda za ta je."

Da fara'a ta faɗa. Amma Auta ta san muryar. Ita ce wadda take ji tana ƙarama, ranakun da ake ajiye ta a kujerar bayan gilashi bayan an tashi daga makaranta, Umma tana miƙa wa baƙo fasfonsa tana cewa a sauka lafiya, idonta na bin bayansa har ya shige.

"Ban gama ba tukuna," Auta ta ce. "Ki ce wa Abba ya sha maganinsa na rana."

Ta gyara goyo ta koma taga. Mai rajista ya durƙusa gaban injinsa yana dukan gefensa da tafin hannu.

"Malam, duka ba ya ji. Buɗe ƙofar hagu, akwai koren hannu, ɗaga shi."

Ya waiwayo. "Ke kuma?"

"Aikina ne. In shigo?"

Ta zaro takardar da ta naɗe a ciki, ta hure, ta rufe. Injin ya yi gurnani ya ci gaba. Dattijon ya sauko da tabarau kan hancinsa ya dube ta sosai.

"Kwana uku ina roƙonsa."

"Ni ma roƙo na zo. Ba ni mabuɗin sito, ni zan nemo rajistar. Ba zan fita da komai ba."

"Da jaririya a baya? Wurin nan ko ni ba na shiga."

"Iyayena ne, Malam. Ba su taɓa zuwa ko'ina ba."

Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mabuɗi. "Ƙarfe huɗu likitan da ke sa hannu yake tashi. In ya tashi, ba ruwana."

Siton ɗaki ne marar taga, littattafai jibge har rufi, ba a bi wata ba, ba a bi shekara ba. Ta lulluɓe fuskar yarinyar da siririn mayafi, ta bar ƙofa a buɗe don iska, ta fara daga waɗanda bangonsu bai yi datti ba. Yarinya ta farka ta yi kuka, ta yi shiru, ta sake. Gumi ya jiƙa zanen goyon. Uku da rabi ta wuce ta sami sunayensu, layi biyu a jere, kowa da rubutun hannunsa. A gurbin dalilin tafiya Umma ta rubuta: in gani. Abba a ƙasa ya rubuta: rakiya.

Ta tsaya da littafin a hannu fiye da yadda lokaci ya ba ta dama. Sannan ta share fuska da gefen hannu ta fita da gudu-gudu.

Likita ya riga ya ɗauki jakarsa, a tsaye ya sa hannu a sababbin katuna biyu. Mai rajista ya buga hatimi, ya hura, ya miƙo.

"Saura ki kai su inji."

"Ko kallon injin ba za su yi ba."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Baƙi sun watse. Abba yana zagaya tsakar gida da jaka a baya yana gwada takalmi, yana ɗingishi kaɗan yana ɓoyewa. Umma tana bakin gado, jakarta a gefe, a buɗe, rabin kayan a waje kamar an fasa.

Auta ta miƙa mata katunan. Umma ta shafa hatimin, ta duba yatsanta, tawada ta ɗan kama shi.

"Na ɗauka za ki ce min 'yan ofis sun tashi," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na kusa."

Umma ta gyaɗa kai. Ta miƙo hannu ta kwance mata goyon, ta rungume jikarta, ta sa hanci a wuyanta ta daɗe tana shaƙa.

Auta ta durƙusa, ta jawo jakar, ta fara naɗe kayan ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa ciki.