Ganyen Wankan Mardiya

Tun daga Gumel Inna Batulu ta taso, ta hawo jirgi a Kano don wankan jegon Mardiya, 'yar ƙanwarta da ta riƙa tun tana rarrafe. Ita ta yi wa uwar wanka, ita za ta yi wa 'yar, haka abin yake. To, ƙatuwar tukunya ta sa an sayo, gas akwai, amma ganyen darbejiya babu shi a Dokki, unguwar da su Mardiya suke zaune a ƙasar Larabawa, sai bene kan bene.

Ran Juma'a mijin Mardiya, Ɗanjuma, ya durƙusa gabanta. "Inna, akwai wani tsibiri da aka killace, itatuwa iri-iri. Kausar za ta kai ki." Har albarka ta sa masa.

Suka tsallaka kogin Nilu a kwale-kwale, ita da Kausar, ƙanwarsa mai karatu a nan. Tafiyar ƙasa ake yi, hanya siririya tsakiyar fadama, ruwa kwance da bado, balbelu fari fat. Ga wasu tsofaffin ɓaure, mutum uku ba sa rungume ɗaya. Masu yawo na ta ɗaukar hoto, ita kuwa ganye take leƙawa tana sansana. Laka ta cinye mata silifa ɗaya, ko a jikinta.

"Ke Kausar, ina darbejiyar?"

"Tana gaba, Inna. Yalla, mu je."

Gaban ya ƙi zuwa. Da ta kai hannu kan wani reshe, mai gadin wurin ya kaɗa mata yatsa: nan ba a tsinkar ko ganye ɗaya.

Batulu ta tsaya cak. "Yayanki ya san ba a tsinka?"

Kausar ta kau da kai.

"Juya mu tafi. Yau zan ɗora ruwan nan, da ganye ko babu."

"Sun ce sai bayan magariba zan mayar da ke."

"Su wa?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Ma'alish, Inna, ki yi haƙuri. Likita ce ta hana wankan, saboda ɗinkin da aka yi mata wajen haihuwa. Anti Mardiya ta ce ba za ta iya kallon idonki ta faɗa ba. Yanzu haka an ba matar mai gadin bene tukunyar."

Batulu ta lalubi saiwar wani ɓaure ta zauna. Da an gaya mata, faɗa za ta yi, ta haƙura. Amma ita da ta goyi Mardiya lokacin kyanda har bayanta ya sale, ita za a aika daji kamar yaron da ya dami baƙi? Da safen nan fa Mardiya ce ta gyara mata ɗaurin ɗankwali, tana cewa, "Inna, ki tsinko da yawa."

"Kira min yayanki. Ya nemo min jirgin Kano. Daga nan kuma unguwar Hayyin Ashir za ki kai ni, wurin Sabuwa 'yar garinmu. Ba na sake taka benen nan."

"Jaririn fa, Inna?"

"Ai yana da likita."