Gyatsar Wule

Ranar da Naomi ta fara zuwa rugar da ke bayan Paikon Kore, Rakiya ta ɗauka mai yi wa shanu allura ce. To me za ta ɗauka? Yarinya ce da hular hana-salla da takalmin roba har gwiwa, ta diro daga motar kamfanin yogot na Kubwa, motar nan mai sanyi da ke zuwa kowace safiya ta kwashi madarar matan ruga. Sai dai babu allura a hannunta. Wani abu ne kamar tocila, ta haska jan ɗigo a hancin saniya, ta yi tsaye ƙiƙam tana kallon lambobi.

"Wane ciwo ya shigo kuma?" in ji Rakiya.

"Ba ciwo, Mama. Gyatsa nake auna."

Rakiya ta sa aka maimaita mata, don ta zaci kunnenta ne. Hausar Naomi irin ta Abuja ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, amma wannan karon ba Hausar ce ta karkace ba. Gyatsa dai, gyatsar shanu. Wai manyan otal na cikin gari sun ce ba za su sayi yogot ba sai an manna wa kowace gora tambarin da ke nuna yawan kabon da aka saki kafin a yi ta. Wai kabon iska ce mai ɗumama duniya, kuma irinta mafi ƙarfi tana fita ta bakin saniya.

Tun kafin ta yi haƙori Rakiya take cikin shanu, bata taɓa jin gyatsarsu ta ɗumama ko tafin hannunta ba. Ta juya ta dubi titin Gwagwalada, inda tireloli ke tuttula baƙin hayaƙi.

"Su waɗancan fa?"

"Wani ne yake auna su. Ni shanu aka ba ni."

Rakiya ta bar maganar. Ba don ta gane ba, sai don motar. Shekara da shekaru ta yi tana ɗaukar ƙwarya a ka zuwa kasuwar Gwagwalada, ta yini a rana, wani lokacin ta dawo da rabin nonon ya yi tsami. Yanzu gwiwoyinta sun ce sun gaji, kuma tun rasuwar mijinta Audi babu mai ɗaukar mata. Motar nan ita ce abincinta. In sun ce za su auna atishawar kaji ma, bismilla.

Bayan sati Naomi ta dawo, fuskarta ba walwala. Ta zauna a kan turmi ta yi bayani a hankali, don yarinyar ba ta da mugun hali. Ana tara gyatsar garke gaba ɗaya, a raba ta da madarar da garken ya bayar. In abin da ya fito ya haye layin da ogan kamfani ya ja, mota ta daina tsayawa a ƙofarka. Na Rakiya ya haye. Shanunta ba su cika yatsun hannu biyu ba, ga kuma guda a cikinsu mai ci, mai gyatsa, ba ta ba da ko ɗigo.

"Wancan tsohon," Naomi ta nuna da baki. "Ki sayar da shi, ko a yanka. Lissafin zai sauka."

Wule take nufi, mai farin goshi, wadda ke kwance ƙarƙashin ɗorawa tana tuƙa abinta.

Nan fa matsalar take, domin Wule ba ta Rakiya ba ce. Shekarar da ciwon huhu ya share garken Audi ƙarƙaf, amininsa Malam Lawal ya jawo karsana tun daga rugarsa ta wajen Sheda ya ɗaure masa. Habbanaye ke nan a wurin Fulani: a ba ka aron saniya, ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar da godiya. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a kuma mayar da ita kafin ta cika, sai in zumuncin ne ba ka so. Wule ta haihu sau biyu, duk shanun da Rakiya ke tatsa jininta ne. Daga nan ta tsaya cak. Audi ya rasu yana jiran ta uku.

Shi kuwa Malam Lawal, kowace ranar kasuwa sai ya ratse ya shigo, wai ya zo duba saniyarsa. Duba saniya fa! Ya shafa goshinta sau ɗaya, ya nemi inuwa, Rakiya ta dama masa fura da kindirmon da ta ware masa. Ya tambayi gwiwa, ya tambayi jinkar ɗaki, ya ba da labarin Audi wanda ya riga ya bayar sau ba adadi. Kowa ya san Wule ta tsufa da haihuwa, shi ma ya sani. Amma muddin tana nan, yana da dalilin shiga gidan matar amininsa ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Rakiya ba ta da wani mai zuwa sai shi.

"In na kai ta wani garken fa?" ta tambayi Naomi.

"Ya fita daga naki lissafi."

"Can za ta daina gyatsar?"

"A'a, zai ci gaba."

"To sararin saman Sheda daban ne da namu?"

Naomi ta cire hular ta sosa kai. Ta kira oga a waya, suka yi ta Turanci, ta kashe. "Ya ce awo yana da iyaka, kuma iyakar shi ne shanun da ke ba mu madara. Wallahi Mama, ni ma abin yana juya mini kai. Amma haka ake yi ko'ina."

Rakiya ta kwana biyu tana juya maganar ta kowace fuska, ba ta ga gabanta ba, ba ta ga bayanta ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mata sarai: ƙwarya a ka, da hanyar Gwagwalada, da gwiwoyin nan. Tsoro ya fi ƙarfinta. Ta sa wa Wule igiya, suka kama hanya, tsohuwa na jan tsohuwa, suna tafe suna hutawa.

Malam Lawal yana gyaran shinge ya hango su. Ya ajiye adda. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen da duk sun san lafiyarsu lau. Sannan ya dubi cikin Wule.

"Ta yi ta ukun ne ban ji ba?"

"Ba ta yi ba, Malam."

"Wani ya ce wani abu?"

"Babu wanda ya ce komai. Gyatsa ce."

Ta fara bayani. Ta faɗi otal, ta faɗi tambari, ta faɗi tocila mai jan ɗigo da rabawa da layin oga. Tana faɗa tana jin maganar na wargajewa a bakinta, har ita kanta ta ji kamar ƙarya take shiryawa, ƙaryar ma marar kai. Kunya ta rufe ta. Malam Lawal ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. A daidai nan Wule ta ɗaga kai ta saki wata doguwar gyatsa a tsakaninsu.

"To," in ji shi. "Allah ya sa hakan ne alheri." Ya karɓi igiyar da hannu biyu.

Naomi ta sake zuwa da tocilarta, lissafi ya sauka ƙasa da layi, har ta rungume Rakiya don murna. Ta nuna mata hoton sabuwar gorar a waya, da ɗan koren ganye a gefe.

"Yanzu duniyar ta yi sanyi?" Rakiya ta tambaya, kuma da gaske take tambaya.

Naomi ta ce za ta tambayi oga.

Ranar kasuwa mota ta zo da sassafe kamar kullum, ta kwashe madarar. Rakiya ta ware kindirmon Malam Lawal kafin ta tuna, hannu ne ya saba. Tunda ta ware, sai ta dama furar, ta rufe da faifai, ta share ƙarƙashin ɗorawa. Da hantsi ta hango shi a bayan ɗan acaɓa, da malfarsa da sandarsa a kafaɗa. Ta miƙe har da gyara ɗankwali. Da suka zo daidai mararrabar rugar ya ɗaga mata hannu, gaisuwa ta mutunci, babu fushi a ciki. Babur ɗin bai rage gudu ba.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma ta zauna kusa da ƙwaryar, ba ta buɗe ba, ƙudaje na zagaya faifan.