Ganyen Maijego

A garin Solgae kowane gida gona biyu gare shi, ɗaya a tudu, ɗaya a cikin ruwa. Ta tudun ita ce 'yan fegin nan hawa-hawa da suka gangaro daga gindin dutse har bakin teku, a cire tafarnuwa a dasa shinkafa, wani fegin ma don ƙanƙanta sai dai a nome shi da hannu, saniya ba ta da wurin juyawa. Ta ruwan kuwa duwatsun gaɓa ne, inda miyok ke fitowa, ganyen tekun da ake miya da shi. Ƙuri'a ake jefawa duk shekara a raba su, kuma su ma sai an yi musu noma. Da tsakiyar sanyi, ruwa na janyewa, sai a bi su da fartanya mai doguwar ƙota a kankare gansakuka, in ba haka ba ganye ba zai kama ba.

Bana Okbun ta kankare nata dutsen kamar mai wanke tukunyar biki, duk da gwiwar da ta hana ta sakat. 'Yarta Miran, wadda ke aure a birni, ta samu ciki bayan shekarun da aka yi ana zuba ido, har dangin miji sun fara ƙus-ƙus. Maijego kuwa miyar miyok take sha safe, rana da dare, kuma uwa ce ke kawowa. Sai dai ganyen maijego ba a naɗe shi, ba a karya shi. Yadda ya bushe a miƙe, haka zai shiga ɗaki. In ya karye a hanya, an ce haihuwar za ta zo da gardama.

Mijinta Pandol ya ce wannan camfin mata ne, likitocin birni ba sa tambayar ganye kafin su karɓi haihuwa. Amma fa da aka shanya shi a kan tsakuwar gaɓa, shi ya wuni zaune da sanda yana korar tsuntsaye, wai iska yake sha. Ganyen ya bushe baƙi wuluk yana sheƙi, ya fi Pandol tsawo, ga ƙamas kamar busasshen ƙanzo. Okbun ta lulluɓe shi da farin yadi, ta hana kowa taɓawa.

Ranar tafiya ta faɗo ranar kasuwa, kuma motar da ke haɗa Solgae da tashar jirgin ƙasa ɗaya ce tak. Ta iso maƙare da buhunan sabuwar tafarnuwa da masu su. Direban ya leƙo ya ga abin da Okbun ta rungumo, ya sosa ƙeya.

"Iya, wannan sandar taki ina za mu sa ta? Ki ninka ta biyu mana, ai duk ciki za ta."

Matan motar suka yi masa caa. Wata ta tambaye shi ko shi daga ƙwai ya fito, da bai san ganyen maijego ba. Ya ba da haƙuri, amma haƙuri bai ƙara wa mota fili ba. Ganyen ba ya tsayuwa saboda rufi, ba ya kwanciya saboda buhuna. Okbun ta tsaya a bakin ƙofa, hankalinta a tashe, don an ce Miran yau ko gobe ne.

Daga can kujerar baya aka ce a miƙo shi. Okbun ta gane muryar tun kafin ta ga fuskar, ranta bai so ba. Malsun ce, mai gonar da ke ƙasa da tata. Ruwan maɓuɓɓuga sai ya ratsa fegin Okbun kafin ya sauka na Malsun, kuma bara da aka yi fari sun yi cacar baki a kansa. A cikin fushi Okbun ta ce mata wanda ba shi da bakin ciyarwa me zai yi da ruwa mai yawa. Malsun ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma teku ya tafi da shi tun suna da ƙuruciya. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Aka bi da ganyen ta saman kawuna, hannu zuwa hannu, har kujerar baya mai faɗin mota. Matan da ke wurin suka ɗora shi a cinyoyinsu, kowace ta tallafe gabanta kamar an ba ta riƙon jariri. Aka matsa wa Okbun, sai ga ta kafaɗa da kafaɗa da Malsun. Kowacce ta ɗauke kai.

Hanyar Solgae bin gaɓa take yi, dutse a dama, teku a hagu, kwana kan kwana. Aka yi ta hirar farashin tafarnuwa da wanda bai gama shirya fegin dashe ba. Okbun ba ta ji ko ɗaya ba, idonta na kan yadin. A kwanar da ke saman wurin ɗaure jirage, wata akuya ta tsallako titi, direba ya taka birki, buhu ya zamo ya daki gefen kujera. Kowa ya ji ƙas.

 Okbun ta buɗe bakin yadin. Ƙarshen ganyen ne ya ɓalle, ɗan guntu bai kai tafin hannu ba, yana kwance a cinyar Malsun. Tsoro ya kama Okbun irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko a ranar da ita kanta take naƙuda. 

Malsun ta ɗauki guntun ta jefa a baki. Ta tauna shi a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, gishiri yana sa ta yamutsa fuska, ta haɗiye.

"Rufe kayanki, Maman Miran," in ji ta. "In da wani abu a ciki, ya shiga cikina. Can kuwa ba zai tarar da abin ɓatawa ba."

Babu wanda ya yi dariya. Okbun ta ja yadin ta rufe, hawaye na zuba, kunya da godiya sun haɗu sun cika mata ƙirji. Ta kira ta, "Yaya." Malsun ta ce ta riƙe gefenta da kyau, akwai sauran kwana a gaba.

Miran ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace, mai ƙarfin murya irin ta kakarta. Okbun ta zauna ta yi mata jego har aka cinye ganyen kaf, sannan ta dawo, lokacin an shiga dashen shinkafa, rana na dukan tudu, kowa na gadin ruwansa. Pandol yana jiranta a bakin titi da tambayoyi cike da baki. Ta miƙa masa ƙunshinta ta ce ya yi gaba.

Ba ta bi hanyar gida ba. Da kayan unguwa a jikinta ta hau tudu tana dafa gwiwa, ta je bakin feginta wanda ko rabi bai cika da ruwa ba, ta tsuguna ta cire dutsen da ya toshe magudana. Ta tsaya har ta ga ruwan ya gangara ya shiga gonar Malsun.