Jirgin da Ke Cikin Kabad

Ziyad ɗan Shu'aibu ne, wani mahauci mai tebur a layin 'yan nama na babbar kasuwar Garwa. Shekarar da Ziyad ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, wata jami'a mai zaman kanta da aka buɗe a bayan gari ta cika unguwanni da takardun talla. A jikin takardar akwai wani saurayi da farar hular kwano, ya ɗaga kai yana murmushi, ga ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake kira duron yana shawagi a samansa. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa zana taswira da nazarin ƙasa daga sama su ne sana'ar gobe. Ziyad ya dubi hular, ya dubi jirgin, nan take ya ga kansa.

Ya kai wa mahaifinsa takardar har kasuwa. Shu'aibu ya goge hannu a gaban rigarsa, ya karɓa, ya juya ta gaba da baya.

"To, me ake koya a nan?"

"Taswira, Baba. Da kallon ƙasa daga sama, da tauraron ɗan Adam da irin wannan jirgin."

"Ƙasar nan da muke takawa?"

"Ita fa."

"Ikon Allah. Ashe sai an hau sama ake ganinta. Mu da muka tsufa a kanta yawon makanta muka yi ta yi." Ya miƙa masa takardar. "Je ka gani. In ka sauko ka ba mu labari."

Haka Shu'aibu yake, sai ya gama yi wa mutum ba'a sannan ya yi masa abin da yake so. Ziyad ya shiga jami'a.

Jirgin kuwa akwai shi, ba a yi ƙarya ba. Wata ƙungiya ce ta ƙasar waje ta ba sashen kyauta. Yana ofishin shugaban sashe, Misiye Philippe, cikin kabad na gilashi, ko ledar fuka-fukansa ba a ɓare ba. Ɗalibai suka sa masa suna Amarya, don ba ta fita, kuma ba a ganinta sai da izinin mai gida. A makon farko Misiye Philippe ya jera sababbin ɗalibai suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka gaishe ta. Wanda ya matso da yawa har numfashinsa ya taɓa gilashin, sai da ya goge da gefen rigarsa.

Akwai darasi guda mai suna tuƙin duron, kuma Misiye Philippe da kansa yake koyar da shi, a allo. Yana faɗa suna rubutawa: yadda ake tashi, yadda ake juyawa, abin da matuƙi zai yi in iska ta taso. A jarrabawa aka ce su zana abin sarrafa jirgin su sa wa kowane maɓalli sunansa. Ziyad ya fi kowa maki. A takarda dai, duk arewacin Kamaru babu matuƙin da ya kama ƙafarsa.

Da Misiye Philippe kaɗai ne a sashen, da Ziyad ya koma layin nama tun shekarar farko. Amma akwai Madam Sidonie, wata siririyar malama da ke zuwa a kan moto, wato babur, da kwamfutarta a jakar baya. Kwamfutocin sashen an rufe su da zani don kada su yi datti, saboda haka tata suke kewayewa. Ita ce ta fara nuna musu kogin Binuwai daga sama: a rani siriri kamar igiya tsakanin yashi, a damina ya buɗe ya cinye fadamu. Ta sauya launukan hoton, duk inda shuka take ya koma ja. Ta nuna musu yadda za a gane gonar da ƙishi ya kama tun mai ita bai lura ba. Ranar Ziyad ya manta da hular kwano. Ya koma gida a ƙafa yana kallon kowane lungu, yana ƙiyasta yadda zai fito daga sama.

Murnar ce ta sa ya buɗe wa mahaifiyarsa, Iyatu, hoton unguwarsu a waya.

"Dada, ga gidanmu. Ga bishiyar mangwaro, ga tsakar gida."

Ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido. "Wannan farin fa?"

"Shanya ce, ina ji."

"Shanyata? Wa ya ɗauka?"

"Tauraron ɗan Adam."

"Ɗan wane Adam? Wa ya yi masa sallama?" Ta ajiye wayar. "Wato mun gina katanga don kada maƙwabta su leƙo, ashe duniya ce gaba ɗaya ke kallonmu ta sama. Kai kuma abin da aka tura ka koyo ke nan, leƙen gidajen mutane."

Washegari ta sa aka ɗaura tamfol a kan igiyar shanya, kuma daga ranar ba ta sake fita tsakar gida ba ɗankwali ba.

Tuƙi na gaskiya a wurin Franck Ziyad ya koya. Franck mai ɗaukar bidiyon biki ne a unguwar Yelwa, yana da wani tsohon duron da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da salatif. Ziyad ya riƙa bin sa bukukuwa ranar Asabar, da farko riƙon jaka, daga baya Franck ya gane hannunsa ya fi nasa natsuwa ya sakar masa. Bai faɗa wa kowa a jami'a ba, amma a Garwa wanda ke tsaye tsakiyar kowane biki ba ya ɓuya.

A shekara ta uku saƙo ya zo cewa mutanen ƙungiyar nan za su zo su ga yadda ake amfani da kyautarsu. Misiye Philippe ya tara ɗalibai a ofis don buɗe kabad. Makulli ya ce a neme shi. Aka kira kafinta ya cire ƙofar. Da aka fito da Amarya, batirinta ya kumbura kamar fanke, aka jona shi da wuta bai ko yi ƙyaftawa ba.

Misiye Philippe ya daɗe yana kallon batirin. "Kayan zamani ba su da ƙarko," in ji shi. "Ko taɓa shi ba mu yi ba."

Sannan ya juyo wajen Ziyad. "Kai, an ce kana wulaƙanta ilimin da muke ba ka a gidajen biki."

"Misiye, taimaka wa wani nake yi."

"To yanzu kimiyya za ka taimaka wa. Je ka aro na mutumin naka."

Franck ya ba da aro da ƙyar. Aka liƙa wa jirginsa tambarin jami'a daidai inda fenti ya goge, aka sauya salatif ɗin ƙafar da fari don ya dace da jiki.

A wata gonar auduga kusa da Pitowa aka yi taron. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo talabijin da janareta. Baƙin biyu ne: wata dattijuwar Baturiya mai tabarau, da wani mutum daga Yawunde wanda bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Shugaban jami'ar, Alhaji Hayatu, ya zauna a tsakiyarsu cikin babbar riga, fuska a ɗaure irin ta manyan masana. Misiye Philippe ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ɗalibansa ke kwana suna tashi da wannan jirgi.

Ziyad ya tashi jirgin. Ya bi gonar layi-layi kamar yadda Madam Sidonie ta koya musu, kowane hoto yana hawa gefen na kusa da shi don su haɗu su zama taswira. Karo na farko ke nan da abin da ya karanta da abin da hannunsa ya iya suka haɗu a wuri ɗaya. Ya sauke jirgin a hankali gaban rumfa, aka tafa.

Yana cire katin hotunan Misiye Philippe ya fizge. "Bayani aikin malamai ne."

"Misiye, bari in nuna maka wanda..."

"Koma gefe."

Ya sa katin, ya danna abin da ya fara gani. Allon talabijin ya cika da mata cikin atamfa iri ɗaya, sun yi da'ira suna rawa a wani fili. Bikin Asabar ɗin da ta wuce ne, Franck bai goge ba.

Misiye Philippe ya gyara wuyan rigarsa.

"Wannan," ya ce da Faransancinsa na jawabi, "wani bincike ne da muke yi a kan yadda jama'a ke taruwa a wuri ɗaya."

Jirgin cikin bidiyon ya sauko ƙasa-ƙasa. A tsakiyar da'irar ga wani ƙaton mutum ya tattare babbar riga a kafaɗa, hula ta karkace, yana juya tumbi da gwaninta, mata na yi masa guɗa. Baturiyar ta gyara tabarau, ta dubi allo, ta dubi wanda ke zaune kusa da ita.

"Wannan ba shugaba ba ne?"

"Shi ne, Madam," in ji Misiye Philippe. "Shugabanmu ba ya barin bincike a hannun yara. Da kansa yake shiga fili."

Mutumin Yawunde ya ɗaga kai a karon farko. Alhaji Hayatu ya kafa wa wata bishiya ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Madam Sidonie ta taso, ta karɓi abin dannawa ta buɗe hotunan gonar, ta fara nuna inda audugar ta yi rauni ta gefen gabas. Baturiyar ta saurara, har ta yi tambaya, amma mutumin Yawunde ya tuna musu da jirginsu na yamma, aka tashi cin abinci.

Ziyad ya ɗauka korarsa za a yi. Misiye Philippe ya kira shi ofis ya yi masa faɗa a kan sakaci da rashin girmama kimiyya, Alhaji Hayatu kuma ya daina amsa gaisuwarsa. Sai ga rahoton baƙi ya iso: sun yaba da yadda jami'ar ke kai fasaha cikin al'umma. Suka aiko da sabon duron, wanda ya fi na farko girma. Aka sake kiran kafinta ya yi kabad na biyu.

Da Ziyad ya karɓi lisans ɗinsa, wato digiri, ya shiga zagayen ofisoshi da dosiye, fayil ɗin takardun neman aiki, a hammata. Ko'ina sai a yaba, a ce ai irin wannan ilimi ƙasa ke nema, ya ajiye dosiye za a kira shi. Wani wuri suka ce suna son mai gogewar shekaru. Wani wuri suka ce suna da mai taswira, ya je kwas, shekara ta huɗu ke nan. Ya je Marwa, ya kwana wajen wani abokinsa a unguwar Domayo, ya ajiye dosiye a can ma, don kada Garwa kaɗai ta ci moriyarsa.

Wata rana ya biya ta kasuwa a gajiye. Shu'aibu ya nuna masa saniyar da aka rataye.

"Injiniya, wannan ma taswira ce. Ga ƙirji a arewa, ga cinya a kudu. Kuma ba a ajiye dosiye." Ya ga fuskar ɗan, sai ya sassauta murya. "Zauna ka ci abinci. Abin da ka karanta ba ruɓewa zai yi ba."

Franck ne ya ɗauke shi aiki. Ziyad ya zama gwanin amare: ya san tsayin da ake tashi don ayarin motoci ya fito da yawa, ya san kusurwar da ke ɓoye kujerun da ba kowa. Sauran ranakun mako yana zuwa wajen Madam Sidonie, suna aiki a kan hotunan Binuwai don kada hannunsa ya manta.

A wani biki a Gider, yana naɗe kaya, wani dattijo mai suna Uba, kawun amarya, ya tsaya a kansa. Ya ce shi ne shugaban ƙungiyar manoman auduga na ƙauyensu, kuma kowace shekara sai sun yi rigima wajen rabon taki, don ba wanda ya san ainihin girman gonarsa, kowa tasa ta fi girma ranar rabo.

"Abin nan naka, yana iya auna gona, ko rawa kawai ya sani?"

Ziyad ya miƙe tsaye. "Baffa, aikin da aka yi shi dominsa ke nan. Ni ma shi na karanta."

"To ka zo ran Talata."

Ya isa da hantsi a bayan moto, da jirgin Franck da kwamfutar da Madam Sidonie ta ara masa. Tun daga nesa ya hango gonar farko cike da mutane. Labari ya riga shi zuwa cewa mai hoton biki na tafe. Maza sun sha manyan riguna, mata sun ci ado, wani ya kawo shanun nomansa ya ɗaura musu ƙyalle a ƙaho. Mai gonar ya kafa kujera a tsakiyar kunya ya zauna, matansa da 'ya'yansa a bayansa.

"Baffa, gonar nake son gani. Sai sun fita."

Uba ya dube su, ya dube shi. "Tun safe suke shiri. Kai ka faɗa musu."

Ziyad bai faɗa ba. Ya tashi jirgin, ya ce kowa ya ɗaga kai ya ɗaga hannu, ya zagaya su sau biyu yadda yake yi wa dangin ango. Aka yi guɗa, aka zo aka kalla, wata tsohuwa ta ce a sake don ta rufe ido. Aka sake. Sannan suka koma inuwa suna gardamar wanda ya fi fitowa da kyau, shi kuma ya sauya batir, ya bi Uba suka fara daga dutsen da ke kan iyakar gonar.