Ranar da Saƙon Ruwa Bai Fita Ba

Zulaiha injiniya ce a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon gyaran waya a Tunga. Aikinsu tura saƙon gargaɗi ga masu lambu a bakin kogin Chanchaga duk lokacin da ruwa ya fara hawa. A ɗakin ciki akwai kwamfutoci da ke aiki tare, da wata manhaja da suke kira mai kula, wadda ke raba musu ayyuka. Abokin aikinta Tsado ne ya rubuta ta.

A farkon damina aka yi ruwa mai ƙarfi da asuba, aka ɗauke wuta, batir kuma bai riƙe ba. Kwamfutocin suka mutu a daidai lokacin da mai kula ke kafa aikin tura saƙo. Da wuta ta dawo, mai kula ta sake umartar a kafa aikin. Kwamfutar ta amsa cewa ai akwai shi. Mai kula ta ɗauki amsar a matsayin kuskure, ta tsaya cak. Saƙo bai fita ba.

Da hantsi wani dattijo mai suna Shekwolo ya hawo benen, wandonsa duk taɓo. Yana noman alayyafo da tattasai a gefen kogin. Ya ce ruwa ya tafi da injin ban-ruwansa, wanda da ya ga saƙo da ya janye shi sama. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa Zulaiha wayarsa ta duba ko ita ce ta lalace.

"Baba, wayarka lafiya lau take," in ji ta. "Daga wajenmu ne."

Ya karɓi wayar, ya sha ruwan da Tsado ya kawo masa, ya sauka ya tari keke napep.

Kafin azahar Zulaiha ta gano inda abin ya tsaya. Ta gaya wa Tsado cewa mai kula ba ta bambanta gazawa da aikin da aka riga aka yi. In ta ce a kafa abu aka ce akwai shi, to abin da take so ne ya samu. In ta ce a goge aka ce babu shi, haka nan. Ya kamata ta wuce, yadda ko sau nawa aka maimaita umarnin, sakamakon ɗaya ne.

Tsado bai yarda nan take ba. A ganinsa manhajar da ta koyi haɗiye kuskure wata rana za ta haɗiye wanda zai kashe su. Ya kuma nuna mata a allo cewa aikin da ake cewa akwai shi rabi ne: an kafa shi, amma wuta ta ɗauke kafin a haɗa shi da lambobin manoma.

"Da ta wuce kamar yadda kike so," ya ce, "da yanzu komai kore ne a allo, alamar lafiya, saƙon kuma babu."

Zulaiha ta duba allon. Sannan ta jawo kujera kusa da tasa.

Suka kwashe sauran makon suna gyara. Yanzu in mai kula ta tarar da abu, sai ta duba ko cikakke ne, ta ƙarasa abin da ya rage. In hanyar sadarwa ce ta yanke, ta ɗan jira ta sake gwadawa. Kuskuren da ba ta gane ba kuwa, ta kira wayar Tsado, sauran ayyukan su ci gaba. Don gwaji, Zulaiha ta riƙa zare fulogi a tsakiyar aiki, har mai shagon ƙasa ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Kowane karo kwamfutocin suka tashi, aikin ya ƙarasa.

Ranar Litinin ta kira Shekwolo ta yi masa bayani a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce bana dai ya koma gonar surukinsa a tudu, doya zai shuka. Sai ya roƙi a saka lambar maƙwabciyarsa Magdalene, domin ita har yanzu lambunta na bakin ruwa. Zulaiha ta ce ya karanto mata, ta shigar.