Wata da Wataƙila

Shekara shida Abdulgafar ya yi a jami'a yana nazarin tauraruwa ɗaya. Ba ta da suna sai jerin lambobi, kuma haskenta bai kai ido ya gani ba. Abin da ya sa masana suka kula da ita shi ne, in an tsaga haskenta a na'ura ya bazu kamar bakan gizo, wani jan layi yakan fito zar, alamar iska mai zafi da ke kewaye da ita. Daga nan sani ya ƙare.

Da mahaifinsa ya rasu, gurbi ya buɗe a cikin mutum uku da ke hawa tudun bayan ƙauyensu, a ƙasar Goronyo, su duba jinjirin wata su kai wa hakimi labari. Shekara talatin tsohon yana hawan tudun nan, kuma Abdulgafar ya fi son gurbin da takardar digirinsa. Ɗaya mai neman shi ne Uwaisu, manomin albasa, wanda ake cewa yana gane akuyarsa daga ƙetaren gulbi.

Yayarsa Bilki ta gargaɗe shi tun da safe. "In an tambaye ka, ka hwaɗi lamba guda ka tsaya kanta. Ban da kame-kamen boko."

Bayan la'asar suka zauna a zauren Baffa Habibullahi, dattijon da zai yanke maganar.

"To, ɗan Malam, an ce taurari kak karanta. Guda nawa?"

"Guda ɗai, Baffa."

"Shekara shidda, guda ɗai. Ai ka san ta ciki da bai. Mi an nisanta?"

Lambar na kan harshensa, dubu huɗu, kuma babu wanda zai je ya auna. Amma shekara shida ana jan layi a ƙarƙashin duk lambar da ya rubuta ba shaida, sai bakinsa ya ƙi.

"Haskenta na iya yin shekara dubu biyu kahin ya iso muna, ko dubu shidda. Akwai abu kamar hayaƙi tsakani, shi ka ɓata awo."

"Babba ta ko ƙarama?"

"In tana nesa, ta hi rana girma ƙwarai. In tana kusa, wataƙila ƙarama ta. Wataƙila ma biyu na, suna kewaya juna."

Uwaisu ya gyara zama. "Baffa, mu in munka rasa sanin albasa guda ta ko tagwaye, tonawa mukai."

Dattijon bai yi dariya ba. "Ka taɓa ganin ta da idonka?"

"A'a. Layinta nig gani, cikin kwamfuta."

Baffa Habibullahi ya daɗe yana shafa gemu. "Mu wata muka biɗa, ɗan Malam. Kai wataƙila kak kawo muna. Uwaisu za ya hau tudu."

Abdulgafar ya fara laluben takalmansa.

"Dakata. Uwaisu, bara mi kac ce ka gani ran ashirin da tara?"

"Baffa, wanga zance ai ya wuce."

"Jirgin sama na, da hitila. Saura kaɗan mu ji kunya gaban hakimi." Dattijon ya juya ga Abdulgafar. "Kai ka tsaya ƙasan tudu. In ya sauko ya ce ya gani, ka yi mai irin tambayar da kaka yi ma tauraruwarka. In ya tsira, a kai labari."

Haka ɗan mai hawan tudu ya samu gindin tudu, da sunan da har matan ƙauyen suka riƙe kafin magariba: Malam Wataƙila.

Bilki na tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya shigo. Labari ya riga shi.

"Lamba guda nic ce ka hwaɗi."

"Dubu huɗu," in ji shi.

"Ka gani? Mi aw wuya ciki?"

Ya zauna a bakin turmi. "Da ƙari ko ragin dubu biyu."